Daga Totur Zuwa Gadu: Sunayen Kayan Tuƙin Jirgi A Kwamfuta

Babu direban da bai san totur ba, amma kaɗan ne suka san cewa sunan ba shi da wata alaƙa da gudu. Kalmar ta shigo Hausa tare da mota, daga throttle ta Ingilishi, wadda danginta ɗaya da kalmarsu ta maƙogwaro, kuma idan aka yi aiki da ita a kan mutum ma'anarta a shaƙe shi. A cikin injin fetur akwai wani ɗan faifai da ke tsaye a bututun da iska ke bi. Idan ya rufe, injin ya shaƙe, sai ya yi ta numfashi sama-sama. Idan ya buɗe, iska da mai su kwarara. Ashe mai taka totur ba ƙarfi yake ba injin ba, sakar masa wuya yake yi.

Wannan kalma tana cikin na farko da mutum zai ci karo da su ranar da ya sa Microsoft Flight Simulator ko X-Plane ko DCS World a kwamfutarsa, ya gane cewa maɓallan rubutu ba za su saukar da jirgi lafiya ba, ya shiga neman abin riƙewa. Kasuwar cike take da sunaye: joystick, yoke, sidestick, quadrant, HOTAS, HOSAS, Hall. Mai saye yakan ɗauka duk ado ne na 'yan talla. Wasu kam adon ne. Amma yawancinsu sun girmi kamfanonin da ke buga su a kwali, kuma kowanne yana faɗin irin jirgin da aka kwaikwayo.

A fara da sandar kanta. Injiniyan Faransa Robert Esnault-Pelterie ne ya yi rajistar haƙƙin ƙirƙirar sanda guda mai sarrafa jirgi a 1907, kuma bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya maka masu ƙera jirage a kotu yana neman kuɗin fasaharsa. Mutanen ƙasarsa ba su ba ta wani suna mai girma ba. Manche à balai suke cewa, wato ƙotar tsintsiya. Jamusawa suka ce Steuerknüppel, kulkin tuƙi. Turawan Ingila ne suka zo da joystick, sandar farin ciki, kuma har yau ana ja-in-ja kan tushen sunan. Akwai masu danganta shi da wani matuƙi mai suna Joyce, akwai masu cewa daga A. E. George ne, wanda ya ƙera jirgi a Newcastle a 1910, aka riƙa cewa sandar George har bakin mutane ya lanƙwasa ta. Abin da ke a rubuce shi ne, kalmar ta bayyana a littafin ajiyar bayanan Robert Loraine, ɗan wasan kwaikwayon Ingila da ya je garin Pau na Faransa koyon tuƙi a makarantar Blériot. Matuƙan yau ba su cika furta cikakken sunan ba, sanda kawai suke cewa. Masu wasan bidiyo ne suka raya shi, musamman bayan Atari ta fitar da tata baƙar sandar mai jan maɓalli ɗaya a 1977.

Nan ne tarkon farko yake. Sandar Atari makunnai huɗu ne a cikinta, ko a kunne ko a kashe, babu tsaka-tsaki. Jirgi kuwa da tsaka-tsaki ake tuƙa shi: a ɗan ja, a ɗan saki, a riƙe hancinsa sama kaɗan har tayoyi su taɓa ƙasa. Har yanzu ana sayar da sanduna irin na injinan wasan dambe da wannan suna na joystick, kuma ba su da amfani ga mai son tashi.

Yoke kuma daga gona ta fito. Ita ce karkiya, itacen da ake ɗora wa shanun huɗa a wuya. A jirgi, sunan abin nan ne mai ƙaho biyu da ke gaban matuƙin Cessna 172 ko Boeing 737. Idan aka murɗa shi jirgi ya karkata, idan aka ja hanci ya ɗaga, idan aka tura ya sunkuya. Kamarsa da sitiyari tana yaudarar sabon shiga, ya yi ta murɗawa a kan titin jirgi yana mamakin abin da ya sa jirgin bai juya ba. A ƙasa, ƙananan jirage da ƙafa ake juya su. Saboda haka duk wanda ya sayi karkiya ya sani ya ɗauko wa kansa bashin fedoji, ga kuma cin wuri a tebur, don sai an ɗaure ta da maɗauri. Kamfanin Honeycomb ya raɗa wa tasa Alpha, toturinsa Bravo, fedojinsa Charlie, wato haruffa uku na farko a yadda matuƙa ke kiran baƙaƙe a rediyo. Dabarar talla ce mai kyau: wanda ya mallaki na farko sai ya ji kamar bai kammala karatu ba.

Sidestick, sandar gefe, ita ce ta fi bai wa mutane mamaki. Jirgin yaƙi na F-16, wanda ya fara tashi a 1974, ya mayar da sanda zuwa hannun dama na matuƙi, kuma a samfurin farko ba ta motsi ko kaɗan, ƙarfin matsawar hannu take aunawa, sai daga baya aka ba ta ɗan motsi don matuƙa sun kasa sabawa. Airbus ta kawo tsarin cikin jiragen fasinja da A320, wanda ya fara jigila a 1988. Babu wayar ƙarfe tsakanin sandar da fukafukai, saƙo take aika wa kwamfuta, kwamfuta ta yi sauran. Ma'ana, ƙaramar sandar roba da ke kan teburin ɗalibi ta fi kusa da abin da matuƙin Airbus ke riƙewa fiye da karkiya mai tsada. Kyaftin yana zama a hagu ne, don haka da hannun hagu yake tuƙi, mataimakinsa da dama. Shi ya sa sandar TCA da Thrustmaster ta fitar a 2020 da sunan Airbus take da maɓallan kai da ake iya musanyawa.

Mu koma kan totur, domin a nan sunaye suka fi rarrabuwa. A jirgin jet babu wancan faifan mai shaƙe iska, mai ake ƙarawa ko a rage, don haka littattafan Boeing da Airbus thrust lever suke rubutawa, wato mariƙin ƙarfin turi, ko da yake matuƙa ba su daina cewa throttle ba. Kamfanonin biyu sun saɓa a wani abu da ya shafi mai saye kai-tsaye. A Boeing, idan kwamfuta ta karɓi ikon injin, mariƙan suna motsi da kansu, matuƙi yana ji a tafin hannunsa. A Airbus ba sa motsi. Akwai ramuka da mariƙi ke faɗawa da ɗan ƙara, ana kiransu detent: na hawa mai alamar CL, na FLX da MCT, sai na ƙarshe TOGA, cikakken ƙarfi don tashi ko fasa sauka. Matuƙi yana ajiye mariƙin a ramin CL jim kaɗan bayan tashi, ba zai sake taɓa shi ba sai dab da sauka. Totur mai waɗannan ramuka daɗi ne ga mai tuƙa A320, amma ga mai tuƙa ƙaramin jirgi cikas ne, don kullum hannu na tuntuɓe da su. Ita Cessna ma ba mariƙi ke gare ta ba, ƙulli ne da ake turawa a ja: baƙi na totur, ja na cakuɗa mai da iska, shuɗi na farfela a samfuran da ke da shi. Launukan nan ƙa'ida ce, don kada hannu ya ja jan a maimakon baƙin ya kashe injin a sama. Quadrant kuwa ba wani abu ba ne illa rubu'in da'ira, siffar hanyar da mariƙan ke bi.

Sai HOTAS, sunan da aka fi cin zarafinsa. Taƙaitawa ce ta jimlar da ke nufin hannaye a kan totur da sanda. Asalinta ba sunan kaya ba ne, tsarin ƙira ne na jiragen yaƙi: a tara maɓallan rada da makamai da rediyo a ƙarƙashin yatsu, don kada matuƙi ya saki abin tuƙi ko ya sauke ido a lokacin da daƙiƙa ɗaya ke raba rai da mutuwa. A kasuwa kuwa, duk sandar da aka haɗa da totur a kwali ɗaya ta zama HOTAS, ko da maɓallanta ba su kai yatsun hannu ba. Wanda ya fi shahara shi ne Warthog na Thrustmaster, da ya fito a 2010, kwafin abin da ke cikin jirgin A-10C na Amurka. Sunan jirgin a takarda Thunderbolt II, amma matuƙansa suka laƙaba masa Warthog, wato gadu, saboda muninsa, laƙabin ya danne sunan yanka. Kayan na ƙarfe ne, nauyinsa ya haura kilo 6, yana da kwarjini. Sai dai sandarsa ba ta murɗawa ta yi aikin fedoji, kamar yadda ta jirgin gaske ba ta yi, don haka shi ma sai da fedoji. Wanda burinsa ya zaga sararin samaniya a hankali da Cessna, ya sayi gadu, ya biya kuɗin maɓallan harba makamai ne da ba zai taɓa dannawa ba. Masu wasannin kumbo irin su Elite Dangerous sun ɗauki kalmar suka yi mata kwaskwarima, suka ce HOSAS, sanda a kowane hannu.

A saman sanda akwai ɗan ƙaramin maɓalli da babban yatsa ke turawa kowace kusurwa, ana ce masa hat, hula. Tsohon sunansa coolie hat, saboda kamarsa da malfar leburorin Asiya, kuma kalmar farkon ta raini ce, shi ya sa aka yar da ita. A jirgin yaƙi da shi ake daidaita jirgi ya tafi sak, a gida kuma yawanci da shi ake waiwaye.

Sunan da ya fi kowanne muhimmanci shi ne wanda aka fi rubutawa da ƙananan haruffa. Sanda mai araha tana auna motsi da potentiometer, irin abin da ke bayan makunnin sautin tsohuwar rediyo: ɗan ƙarfe yana gogar zoben gawayi. Yau da gobe sai zoben ya cinye, ƙura ta shiga, jirgi ya fara rawa shi kaɗai alhali hannu na tsaye. Sai mai shi ya faɗaɗa abin da manhaja ke kira dead zone, yankin tsakiya da ba a lissafa motsinsa, kuma a tsakiyar nan ne duk tuƙi mai kyau yake. Maganin ya fito daga Edwin Hall, ɗalibin jami'ar Johns Hopkins da ya gano a 1879 cewa maganaɗisu yana karkatar da wutar lantarki da ke bin ƙarfe. Na'urar aune mai ɗauke da sunansa ba ta gogar komai, don haka ba ta cinyewa. Amma a karanta kwali da kyau: ana iya sa ta a motsin gaba da gefe, a bar murɗawa da tsohon tsari, kuma duk da haka a buga Hall a gaba. Ƙarƙashin wannan duka akwai gimbal, mahaɗin da sanda ke juyawa a kai, sunan da ya samo asali daga kalmar Latin mai nufin tagwaye, saboda zobba biyu da ke aiki tare. Kamfanoni irin su VKB da Virpil sun gina sunansu ne a kan wannan ɓangaren da ido ba ya gani, har suna sayar da gindi daban, mariƙi daban.

Saboda haka, mai karatu, kafin ka tambayi farashi tambayi kanka jirgin da za ka tuƙa. In Cessna ce ko Boeing, karkiya da fedoji. In Airbus ce, sandar gefe da totur mai ramuka. In jirgin yaƙi ne, HOTAS na gaske. In kuwa ba ka tsayar da shawara ba tukuna, nemi sanda mai murɗawa, mai ɗan totur a gindinta, mai na'urar Hall a ciki. Za ta tuƙa dukkansu, kuma kuɗinta bai kai na sauran ba.