Ma'aikatan cikin jirgin sama: haƙƙinsu kan fashin aiki da rigimar jerin daɗewa

Ma'aikatan cikin jirgi su ne mata da mazan da ke tarbar fasinja, su raba abinci, su kuma jagoranci fitar da mutane idan hatsari ya taso. A ƙasashe masu amfani da Faransanci ana kiransu PNC a taƙaice. Abubuwa biyu ne suka fi haddasa gardama tsakaninsu da kamfanoni: fashin aiki na ba-zata, da kuma matsayin kowa a jerin daɗewa, abin da Faransanci ke kira ancienneté. A duka biyun, abin da ke kare ma'aikaci shi ne dokar ƙasa da yarjejeniyar da ƙungiyar ƙwadago, wato sandika, ta ƙulla da kamfani.

Me ya sa fashin mutum ɗaya yake da nauyi

Jirgin fasinja ba ya tashi sai da adadin ma'aikatan da doka ta gindaya. A Amurka da Turai ƙa'idar ita ce ma'aikaci ɗaya ga kowane kujeru 50. Idan mutum ɗaya ya kira da asuba ya ce ba shi da lafiya, kuma babu wanda zai maye gurbinsa, jirgin na iya kwana a ƙasa. Shi ya sa kamfanoni ke ajiye ƴan ko-ta-kwana, waɗanda ke zaune a gida ko a filin jirgi suna jiran kira.

A ɗaya ɓangaren kuma, dokokin kiyaye lafiyar sufurin sama na Tarayyar Turai sun hana ma'aikaci hawa jirgi idan ya san rashin lafiya ko gajiya za su hana shi aikinsa. Murar da ma'aikacin ofis zai daure ya je aiki da ita, a sama tana iya toshe kunne har ta yi wa dodon kunne lahani. Nan ne cikas yake: doka ta ce mara lafiya ya zauna a gida, kamfanoni da dama kuwa, musamman a Amurka, suna rubuta wa ma'aikaci maki duk lokacin da ya yi fashi ko ya makara, idan makin ya taru sai gargaɗi, daga nan sai kora. Sandika na ƙorafin cewa wannan tsari yana tura marasa lafiya cikin jirgi don tsoron rasa aiki. Kamfanoni na cewa ba don shi ba, fashi zai yi yawa a ranakun bukukuwa.

Abin da doka ta tanada a Amurka

Dokar da ke tafiyar da hulɗar ma'aikata da kamfanonin jiragen sama a Amurka ta samo asali ne daga jirgin ƙasa. An kafa ta a 1926, aka faɗaɗa ta zuwa jiragen sama a 1936. A ƙarƙashinta, gardama kan fassarar yarjejeniya, kamar kora saboda fashi, ba a yi mata yajin aiki. Ma'aikaci yana shigar da ƙara ta hannun sandika, a bi matakai har zuwa kwamitin raba gardama wanda ke da wakilan ɓangarorin biyu da mai shiga tsakani. Hukuncinsa ya hau kan kowa, kuma yana iya mayar da wanda aka kora bakin aikinsa.

Dokar hutun jinya da kula da iyali ta 1993 ta ba ma'aikata damar ɗaukar hutun mako 12 a shekara ba tare da albashi ba, ba kuma tare da rasa aiki ba. Sai dai ta shar'anta awa 1,250 na aiki a shekarar da ta gabata. Ma'aikatan jirgi da yawa ba sa kai wa, domin awannin da ake lissafa musu ba su haɗa duk lokacin da suke ɓatawa a filayen jirgi da otal-otal ba. A watan Disamba na 2009 aka gyara dokar, aka mayar da ma'aunin ma'aikatan jirgi awa 504. A 2022 kuma hukumar sufurin sama ta ƙasar ta tabbatar da hutun awa 10 aƙalla tsakanin aiki da aiki.

Idan ciwo ya zama makami

Wani lokaci ma'aikata kan haɗa baki su ce duk ba su da lafiya, a matsayin yajin aiki a fakaice. A watan Fabrairu na 1999 matuƙan American Airlines sun yi haka saboda saɓani kan yadda za a shigar da matuƙan kamfanin Reno Air da aka saya. Kotu ta umurce su da komawa aiki, daga baya ta ci ƙungiyarsu tarar dala miliyan 45 da rabi. Hukuncin ya zama darasi ga duk ƙungiyoyin ma'aikatan jirgi a ƙasar.

A Jamus, a farkon Oktoba na 2016, bayan kamfanin TUIfly ya sanar da shirin sake fasalinsa, fashin rashin lafiya a tsakanin ma'aikatan cikin jirgi ya kai har kashi 62 cikin ɗari, alhali a da bai wuce kusan kashi 10 ba. Kamfanin ya ƙi biyan fasinjoji diyya, yana cewa abin ya fi ƙarfinsa. A watan Afrilu na 2018 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa rikicin ya fito ne daga shawarar da shugabannin kamfanin suka ɗauka, don haka sai ya biya. A 2023, a wata shari'a ta kamfanin TAP na Fotugal, kotun ta ƙara da cewa rashin lafiya ko rasuwar ma'aikaci dab da tashi ba ta sauke wa kamfani nauyin diyya. Diyyar tana tsakanin yuro 250 da 600, wato kimanin jika 164 zuwa jika 394 na kuɗin sefa. Ta shafi duk wanda ya taso daga Tarayyar Turai, da wanda ya nufi can a jirgin kamfanin Turai, ciki har da matafiya daga Afirka ta Yamma.

A Faransa kuwa, dokar Diard ta 2012 ta wajabta wa duk ma'aikacin da tashin jirgi ya dogara da shi ya sanar da kamfani awa 48 kafin ya shiga yajin aiki.

Jerin daɗewa

A yawancin kamfanonin Amurka kowane ma'aikaci yana da lamba bisa ranar da aka ɗauke shi aiki. Wannan lamba ce ke yanke wanda zai fara zaɓen hanyoyin da zai bi a wata, garin da zai zauna, lokacin hutunsa, da tsawon zaman da zai yi cikin ƴan ko-ta-kwana. Idan za a rage ma'aikata, daga ƙasan jerin ake farawa. Lambar ba ta bin mutum zuwa wani kamfani. Wanda ya yi shekara 25 a wuri guda, idan ya koma wani, sabon shiga ne.

Manyan rigingimu biyu da suka kafa tarihi duka sun shafi ma'aikatan kamfanin TWA. A 1986 sun yi yajin aiki na kwana 72. Kamfanin ya ɗauki sababbi, wasu ƙananan ma'aikata kuma suka karya yajin suka koma. Da aka gama, tsofaffin da suka daure har ƙarshe suka nemi a ba su wurarensu. A 1989 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ba dole ba ne kamfanin ya kori ƙananan da suka koma don ya ba tsofaffi wuri. Sai dai su jira gurbi, idan sun dawo kuma su dawo da shekarunsu.

A 2001 American Airlines ya sayi TWA. Aka jera dubban ma'aikatan cikin jirgi na TWA a can ƙasan jerin, ba tare da la'akari da shekarun da suka yi ba. Bayan hare-haren 11 ga Satumba, da aka fara rage ma'aikata, su ne suka fara tafiya, har da waɗanda suka shafe shekaru talatin a sama. Wannan ne ya sa sanatoci biyu na jihar Missouri, Claire McCaskill da Kit Bond, suka kawo gyaran doka a 2007. Yanzu idan kamfanoni biyu suka haɗe, dole a haɗa jerin bisa adalci, idan an kasa daidaitawa a kai wa mai raba gardama. Ƙungiyar AFA, mafi girma ta ma'aikatan cikin jirgi a Amurka, manufarta ita ce a bi ranar ɗaukar aiki kawai. Duk da haka abin na cin lokaci: United da Continental sun haɗe a 2010, amma sai a 2016 ma'aikatan cikin jirginsu suka samu yarjejeniya guda, sai kuma 2018 suka fara aiki tare a jirgi ɗaya.

A Afirka ta Yamma

Yankin ya ɗanɗana wani salon wannan asara. Kamfanin Air Afrique, wanda ƙasashe 11 har da Nijar da Cadi suka kafa a Yawunde a 1961, ya durƙushe a 2002. Nigeria Airways ya bi sahu a 2003. Tsofaffin ma'aikatan kamfanonin biyu sun yi shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, waɗanda suka samu aiki a wasu kamfanoni kuma galibi daga tushe suka sake farawa.

Yarjejeniyoyi biyu na Hukumar Ƙwadago ta Duniya ne ginshiƙin ƴancin sandika: mai lamba 87 ta 1948 kan ƴancin kafa ƙungiya, da mai lamba 98 ta 1949 kan ciniki tsakanin ƙungiya da mai aiki. Nijar, Najeriya da Faransa sun amince da su, Amurka ba ta amince da ko ɗaya ba. Amma yarjejeniyoyin ba su ambaci yawan kwanakin jinya ko tsarin jerin daɗewa ba. Waɗannan sai an rubuta su cikin yarjejeniyar kamfani: kwana nawa ne ake buƙatar takardar likita, wane fashi ne ba a lissafa shi laifi, wa zai raka ma'aikaci idan an kira shi ladabtarwa, da yadda za a yi da shekarunsa idan aka sayar da kamfanin. Inda ba a rubuta su ba, mai kamfani ne ke yanke hukunci shi kaɗai.