Shiga Sana'ar Tuƙin Tankar Sinadarai: Bayani Ga Matasa Da Shugabannin Al'umma

Tankar sinadarai babbar mota ce da ake ɗaukar ruwan sinadaran masana'antu a cikinta, kamar asid, da ruwan soda, da ruwan bilic, da sinadaran haɗa fenti. Yawancin waɗannan kayayyaki ana ɗauko su ne daga tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can a Legas da kuma Onne a Jihar Ribas, a kawo su masana'antun sabulu, da na jima, da na taki, da matatun ruwan sha a Arewa. Daga nesa tankar ta yi kama da ta man fetur, shi ya sa matasa da yawa ke ɗauka aikin ɗaya ne. Akwai bambanci babba, domin kuwa direban sinadarai sai ya san halin abin da ya ɗauko kamar yadda ya san motarsa.

Matakan Farko

Hanyar da aka saba bi ita ce matashi ya fara a matsayin yaron mota a ƙarƙashin gogaggen direba. A nan ne zai koyi duba taya da birki, da haɗa kan mota da tanki, da juya doguwar mota a ƙuntataccen wuri. Wannan koyo yana da amfani ƙwarai, amma ba ya maye gurbin lasin.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ce ke buga lasin tuƙi, tare da haɗin gwiwar jami'an VIO masu jarraba direba da hukumar tattara haraji ta jiha. Motocin da ke jan tirela ko tanki suna ƙarƙashin rukunin G. Ba a ba da lasin motar haya ga wanda bai kai shekara 26 ba, kuma ana buƙatar shaidar makarantar koyon tuƙi da hukuma ta amince da ita, da takardar gwajin lafiya daga asibitin gwamnati, musamman gwajin ido. Ana jan hankalin iyaye da su hana 'ya'yansu bin 'yan kama-sho masu alkawarin lasin a kwana biyu. Manyan kamfanoni suna bincikar lambar lasin a na'ura, kuma wanda aka kama da na jabu ya rasa aikin tun kafin ya fara.

Galibi kamfanoni ba sa miƙa tankar sinadarai ga sabon direba. Sukan nemi wanda ya yi shekaru yana jan tirelar busassun kaya ko tankar mai, sannan su ba shi horo na musamman. Iya karatu da rubutu wajibi ne a wannan aiki, saboda haka matashin da ke da wannan buri kada ya jefar da makaranta.

Halin Ruwa A Cikin Tanki

Buhunan masara suna zaune inda aka aje su, ruwa kuwa ba ya zama. Idan direba ya taka birki, ruwan zai ruga gaba ya bugi bangon tanki, ya tura motar gaba bayan direba ya ɗauka ta tsaya. A kwana kuma ruwan yakan koma gefe ɗaya, ya ɗaga tayoyin ɗaya gefen, har motar ta kife. Tankin da ke rabi ya fi cikakke haɗari, domin ruwan ya sami filin yin kaɗawa. Tankokin mai suna da ɗakuna da shingaye a ciki masu rage wannan motsi, amma da yawa daga cikin na sinadarai fayau suke, don a ji daɗin wanke su tsakanin lodi da lodi. Direban irin wannan tanki dole ya riƙa rage gudu tun kafin ya shiga kwana, ya bar tazara mai yawa, ya kuma taka birki a hankali.

Akwai kuma batun nauyi, wanda sababbin direbobi kan manta. Litar man fetur ba ta kai kilo ɗaya ba, amma litar asid mai ƙarfi, wanda ake sirkawa a yi ruwan batir, ta haura kilo 1.8. Tanki mai lita 33,000 idan an cika shi da fetur, kayan sun kai tan 24. Da za a cika shi da wannan asid, sai su kai tan 60, abin da taya da birki da gada ba za su ɗauka ba. Shi ya sa ake lodin sinadarai da ma'aunin nauyi. Direban da ya ga tankinsa bai cika ba ya nemi a ƙara, bai san aikinsa ba tukuna.

Dokar hanya ta ƙayyade wa tanka da tirela gudun kilomita 45 a awa ɗaya a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanyoyi. Tun 2017 FRSC ke tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu.

Alamomi Da Takardu

Majalisar Ɗinkin Duniya ta kasa kaya masu haɗari gida 9, kowanne da alamarsa mai siffar murabba'i da ke tsaye a kan kusurwa. Jar alama mai hoton harshen wuta da lamba 3 tana nufin ruwa mai kama wuta. Farar alama mai ƙoƙon kai da lamba 6 guba ce. Mai fari a sama da baƙi a ƙasa da lamba 8 tana nufin abin da ke cin fata da ƙarfe. Kowane sinadari kuma yana da lambarsa guda huɗu: fetur 1203, ruwan soda 1824, asid mai ƙarfi 1830. Tare da takardar kaya, direba ya tabbata an ba shi takardar bayanan kariya, wadda ke faɗin abin da za a yi idan kayan sun zuba ko sun taɓa jiki. Ya karanta ta kafin ya tashi, ya aje ta a gaban mota inda hannu zai kai.

Lokacin lodi da saukewa ya kan fi lokacin tafiya haɗari ga jikin direba. Sai da tabarau, da safar hannu ta roba, da doguwar riga da takalmi masu jure sinadari. Idan kayan masu kama wuta ne, a haɗa wayar da ke kai lantarkin jikin tanki ƙasa kafin a buɗe bawul. Kafin a ɗaura mesa, a tabbatar da cewa rumbun da za a juye shi ne na wannan kaya, domin asid idan ya haɗu da ruwan bilic yana fitar da iskar kulorin mai kisa. Haka nan tankin da ba a wanke ba bayan lodin baya. Kada direba ko yaronsa su taɓa shiga cikin tanki don wanki ba tare da izini da gwajin iska ba, ko da ya yi kama da fanko.

Ba boyayyen abu ba ne cewa wasu direbobin doguwar tafiya suna shan ƙwayoyi irin su taramol don korar barci. Kamfanonin kirki suna gwajin fitsari, kuma wannan kaɗai ya raba mutane da dama da aikinsu.

Kira Ga Hakimai, Dagatai Da Jami'an Ƙananan Hukumomi

A watan Oktoba na 2024 tankar fetur ta faɗi a Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura ta Jihar Jigawa, wuta ta tashi yayin da jama'a ke kwasar mai, sama da mutum 150 suka rasu. A watan Janairu na 2025 an sake yin irinsa a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja. Tankar sinadarai na iya yin ɓarna ko da wuta ba ta tashi ba. Asid da ruwan soda kamar ruwa suke a ido, amma suna ƙona fata, suna makantarwa, suna kuma gurɓata rijiya da tafki.

Idan irin wannan mota ta faɗi a yankinku, a janye jama'a da dabbobi nesa, zuwa tudu, ta ɓangaren da iska ke tasowa. A hana shan taba da kunna janareta. Kada a watsa ruwa a kan asid mai ƙarfi, domin yana tafasa ya fantsama; idan babu haɗari, a tare hanyarsa da yashi ko ƙasa don kada ya kai ga rafi. Wanda sinadari ya taɓa, a cire masa tufafin, a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20, sannan a kai shi asibiti. A kira FRSC a lamba 122 ko lambar gaggawa ta ƙasa 112, a karanta musu lambobin da ke jikin tankin daga nesa.