Tazarar bakin fulogi: abin da ya kamata mai mota ya sani

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kowace lita ta zama abin lissafi ga masu motoci a Najeriya. Daga cikin abubuwan da ke cinye mai a ɓoye akwai wata 'yar tazara a bakin fulogi, wadda a yawancin motoci take tsakanin milimita 0.6 zuwa 1.1.

Yadda take aiki

Fulogi shi ne ke kunna cakuɗen fetur da iska a cikin silinda. Batirin mota bolt 12 yake bayarwa, sai koyil ya ninka shi zuwa dubbai, wutar ta tsallaka daga tsinin tsakiya zuwa lanƙwasasshen ƙarfen da ke gabansa. Filin da take tsallakawa shi ne tazarar. Injin dizal ba ya amfani da irin wannan fulogi.

Idan tazarar ta yi faɗi, wuta kan kasa tsallakawa, musamman a hawan tudu ko da kaya mai nauyi. Inji sai ya riƙa tuntuɓe, koyil ya wahala, man da bai ƙone ba ya bi salansa. Idan kuwa ta matse, tartsatsin kan yi ƙanƙanta, ƙonewar man ta raunana. Ko babu wanda ya taɓa fulogin, tazarar tana buɗewa a hankali, domin tartsatsi na cin ƙarfen.

Ina ake samun adadin da ya dace?

Kamfanin da ya ƙera injin ne ke ƙayyade shi. Ana samunsa a littafin mota, wani lokaci kuma a takardar da ke liƙe a ƙarƙashin murfin inji. Motocin da aka shigo da su daga Amurka kan rubuta shi da inci: inci 0.044 shi ne kusan milimita 1.1. A fulogin NGK, lamba 11 da ke ƙarshen suna, kamar BKR6E-11, tana nufin milimita 1.1.

Yadda ake daidaitawa

A bar inji ya huce kafin a kwance fulogi. A zura ma'aunin tazara mai kaurin da aka ƙayyade. Ya kamata ya shige da ɗan gogayya. Lanƙwasasshen ƙarfen kaɗai ake tanƙwarawa, a hankali, a sake aunawa. Ƙwanƙwasa fulogi a kan dutse da kintace da ido, kamar yadda ake gani a wasu garejoji, kan fasa farin tangaran ɗinsa. Fulogin iridiyam da na filatinam suna da siririn tsini mai saurin karyewa, kuma galibi a daidaice suke zuwa, don haka dubawa kawai suke bukata.

Masu mayar da motocinsu kan iskar gas ta CNG su lura cewa gas ya fi fetur wuyar kamawa, shi ya sa sau da yawa ake ɗan rage tazarar. Haƙƙin mai mota ne ya tambayi wanda ya yi masa juyin adadin da ya sa, ya kuma nemi makanike ya auna a gabansa kafin ya biya kuɗin sabon koyil.