Zubar Jini daga Bakin Hanji bayan Tiyata: Nazarin Yanayin Majinyata a Sabon Birni da Isa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci zubar jini daga bakin hanjin da likitoci ke fitarwa ta fatar ciki, wato sitoma, bisa abin da ilimin tiyata ya tabbatar da kuma halin da gabashin Jihar Sakkwato ke ciki. Matsayarta ita ce, majinyacin da zai koma Isa ko Sabon Birni bai kamata a sallame shi ba sai shi da mai jinyarsa sun iya bambance jinin da ake tsayarwa a gida da wanda ke wajabta tafiya asibiti.

Gabatarwa

Manyan dalilan yin wannan tiyata a ƙasar Gobir uku ne. Taifod kan huda ƙarshen ƙaramin hanji, galibi a mako na 2 zuwa na 3 na zazzaɓin, kuma yara ta fi kamawa. Asibitin Galmi da ke jihar Tawa a Nijar ya daɗe yana fama da irin waɗannan yara. Akwai jariran da ake haifa ba dubura, ko masu cutar Hirschsprung. Sai kuma harbin bindiga a ciki, wanda rashin tsaro ya ƙara wa yankin.

Nisa shi ne tushen matsalar. Aikin yara da manyan raunuka akan tura su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, sannan majinyaci ya koma ƙauye. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Isa da Sabon Birni. A Disambar shekarar 'yan bindiga suka ƙone motar matafiya a Gidan Bawa. A irin wannan hali, cewa mutum ya dawo asibiti idan ya ga jini umarni ne mai tsada, wani lokaci ma mai haɗari.

Jinin sama da jinin ciki

Tun 1952, lokacin da Bryan Brooke na Ingila ya fito da dabarar juyo cikin hanji waje a ɗinke shi da fata, abin da ido ke gani shimfiɗar cikin hanji ce: ja, mai laima, kamar cikin kunci. Ƙananan jijiyoyin jini sun cika ta, amma ba ta jin zafi. Shi ya sa uwa kan goge wurin da ƙarfi, yaro bai yi kuka ba, sai ta ga ja a tsumma hankalinta ya tashi. Wannan jinin sama ne. A danna wurin da auduga mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi, minti 10 ba ɗagawa, yawanci zai tsaya.

Abin da ke jawo maimaituwarsa ya fi buƙatar kulawa. Bakin hanji kan kumbura bayan aiki, ya riƙa saɓewa tsawon mako 6 zuwa 8, don haka dole a riƙa sake awon ramin jakar da ake manna wa wurin don tara bayan gida, a bar tazarar milimita 2 zuwa 3. Inda jaka ta gagara saye, akan ɗaura leda da tsumma, a ɗaure da igiya ko mazagin wando, gogayyar kuma ta riƙa kankare naman. Ruwan hanji kan cinye fatar gefe, tsiron nama mai saurin jini ya fito. Wannan tsiron, ma'aikacin lafiya kan ƙone shi da sinadarin azurfa. Akwai kuma mai yawan dirza saboda tsarkin salla. Ya dace malamai su sanar da shi rangwamen da fiƙihun Malikiyya ya yi wa mai lalurar da ba ta yankewa, domin dirzar nan illa take yi.

Jinin ciki daban ne: yana fitowa daga ramin, gauraye da bayan gida, da gudaji ko baƙi wuluk. Kafin a firgita a tuna ko an sha zoɓo, ko ƙwayar ƙarin jini mai baƙanta bayan gida. In ba haka ba, sai tafiya. Haka in jini ya ƙi tsayawa bayan dannawa, ko bakin hanjin ya koma shuɗi ko baƙi, ko majinyaci yana jiri, tafin hannunsa ya yi fari. Mai ciwon hanta da jijiyoyi suka yi ruɗu-ruɗu kewaye da wurin, shi ko jinin ya tsaya, likita zai nema, domin yakan dawo da yawa.

Shawarwari

Aspirin, diclofenac da ibuprofen, waɗanda kowane kemis ke bayarwa don ciwon jiki, suna ƙara zubar jini. Paracetamol ya fi dacewa. Toka, garin magani da tsimi kada su kusanci wurin. A ganin wannan maƙala, kafin sallama mai jinya ta canza jaka da hannunta a gaban nas, a ba ta takardar Hausa, da boko ko ajami, mai hotunan launin lafiya da na haɗari. Manyan asibitocin Isa da Sabon Birni su tanadi jakunkuna da ma'aikaci ko da guda da ya san aikin, a kuma rubuta wa iyali ranar mayar da hanji ciki, wadda galibi kan faɗo tsakanin mako 8 da 12 bayan aikin farko.