In batirin motar lantarki ya mutu, nawa ne sabo?

1/ Jama'a, duk mai sha'awar motar lantarki wannan tambayar ce ke hana shi barci. Ku zo mu bi tarihin kuɗin batirin. 🧵

2/ A ƙarshen 2010 kamfanin Nissan ya fito da Leaf, batirinta kilowat-awa 24. Lokacin kowane kilowat-awa ya haura dala 1,000. Ku buga lissafin da kanku, kusan kuɗin wata motar ne guda.

3/ Sai 2012 masu Leaf a Arizona ta Amurka suka fara kuka: batiri na raguwa tun mota na sabuwa. Dalili? Zafi. Batirin ba shi da ruwan sanyaya shi, iska kawai. Mutanen Sakkwato da Agadas, kun dai ji.

4/ A 2014 Nissan ya sa farashin sabon batiri: dala 5,499, amma sai ka miƙa musu tsohon. Kuɗin aiki daban.

5/ Daga nan farashi ya yi ta gangarowa. Chana ta shigo da ƙarfi, CATL da BYD, da batirin LFP wanda ba ruwansa da kobalt ɗin Kwango. A 2024, ƙiyasin BloombergNEF, kilowat-awa ya koma dala 115.

6/ Amma fa wannan farashin masu ƙera mota ne, ba naka ba. Kai akwai jigila, kwastan, ga dala. In tokumbo za ka saya, kar fenti ya ruɗe ka, a nuna maka lafiyar batirin tukuna.