Ranar da Aka Taɓa Fayil: Martani ga Masu Cewa Umarnin “stat” Ya Wadatar

Akwai ra'ayin da ake yawan ji a bakin masu koyar da kula da kwamfuta, cewa gano ranar da aka yi wa fayil gyaran ƙarshe bai kai abin da za a zauna a tattauna ba. A wurinsu layi ɗaya ne: a rubuta “stat -c %Y”, a bi shi da sunan fayil, magana ta ƙare. Wani abokin aiki da nake ganin girmansa ya daɗe a kan wannan matsayi, har yakan ce rubuta jerin umarnin shel da zai yi aiki a kowace na'ura wahalar da kai ce kawai. Wannan maƙala martani ce gare shi. Ina ganin bai yi daidai ba, ko da yake kuskuren ba a inda aka fi zato yake ba.

Tushen maganar sananne ne. Tsarin Unix yana ajiye wa kowane fayil lokuta uku: na karantawa, na gyaran abin da ke ciki, da na sauyin bayanansa kamar mai shi ko izininsa. Na biyun ne abin nemanmu, kuma ana ƙirga shi da sakan tun daga 1 ga Janairu 1970 a agogon UTC. Ƙa'idar POSIX ta 2008 ta ƙara masa ɓangarorin sakan. A kan wannan lokaci ne manhajar “make”, wadda Stuart Feldman ya rubuta a 1976, take dogara har gobe.

Me ya haɗa wannan da mu? A yankin gonakin da suka kewaye Kano, wanda Mortimore da Wilson (1965) suka yi nazarin cunkoson jama'arsa, ƙasa ta daɗe tana da tsada, kuma a wurare irin su Bacirawa ta ƙaramar hukumar Ungogo gari ya cim ma gona, ana yanka ta fuloti-fuloti. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu, ko takardar rabon gado, yanzu ba a akwati kaɗai take zama ba. Ana ɗaukar hotonta da waya, a tura ta WhatsApp ko Xender, a kai shagon kwamfuta a zuba a filashi, daga nan ta isa laftof ɗin lauya ko na mai bincike. Duk wanda aka ɗora wa tsara irin waɗannan fayiloli zai so ya san wanne ya riga wanne. Nan ne tambayar ta zama ta gaske.

Hujjar abokin aikina ta farko ita ce kowa Linux yake amfani da shi, don haka “stat” na GNU yana ko'ina. Amsar a taƙaice: POSIX ba ta san wani umarni mai suna “stat” ba. Kowane gida ya gina nasa. A GNU ana cewa “stat -c %Y”. A macOS da FreeBSD ana cewa “stat -f %m”. Abin da ya fi muni shi ne harafin “-f” yana da ma'ana a GNU, amma wata dabam: bayanin faifan da fayil yake ciki. Saboda haka wanda ya rubuta salon BSD a farko, ya ce idan ya gaza a gwada na GNU, zai tarar a Linux an zubo masa layukan bayanin faifai gauraye da lambar da yake nema. Idan aka juya jerin, aka fara da na GNU, na BSD yakan ƙi harafin “-c” ba tare da ya fitar da komai a hanyar sakamako ba, sai a wuce zuwa na biyu lafiya. Jerin gwajin ma yana da muhimmanci ke nan, kuma wanda bai taɓa fita daga Ubuntu ba babu yadda zai san haka.

Haka labarin yake ga “date -r”. A GNU sunan fayil yake karɓa. A al'adar BSD adadin sakan yake karɓa, kuma OpenBSD na nan a kan haka, ko da yake FreeBSD da macOS na baya-bayan nan suna karɓar duka biyun. Shi kuwa “find -printf” na GNU ne. Ko an samu sakan ɗin, mayar da shi rana da wata wata ƙofa ce mai makulli biyu: “date -d” da alamar @ a GNU, “date -r” a BSD, POSIX kuwa ba ta ba da ko ɗaya ba.

Hujjarsa ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ita ta cancanci a tsaya a kanta. Ya ce idan POSIX ake so, ai “ls -l” yana cikinta, kuma ƙa'idar ta fayyace yadda zai rubuta kwanan wata. A yanko ginshiƙi na shida da na bakwai da na takwas da “awk”. Gaskiya ne ta fayyace. Amma abin da ta fayyace shi ne matsalar. Fayil ɗin da bai kai wata shida ba ana nuna watansa da ranarsa da awa da minti, babu shekara. Wanda ya haura wata shida, ko wanda lokacinsa ya faɗa gaba da yau, ana nuna shekararsa, babu awa babu minti. Sakan kuwa ba a nuna shi ko kaɗan. Wato babu fayil ɗaya da “ls -l” zai ba da cikakken lokacinsa.

Zai ce shekarar ana iya lissafa ta: idan muna Janairu aka ga Nuwamba da awa a gefe, ai bara ce. Na yarda, ana iya yi, kuma masu haƙuri sun yi. Zai kuma ce matsalar harshe ana kashe ta da “LC_ALL=C”. Nan ma na yarda, har ina ƙara masa hujja: na'urar da aka saita da Hausar Nijeriya za ta rubuta Yun a maimakon Jun, ta Maraɗi da aka saita da Faransanci ta rubuta nata, kuma wannan saiti yana mayar da su duka salo ɗaya. Sunan rukunin masu amfani da ke da sarari a tsakiya, wanda kan ture ginshiƙai, ana kauce masa da “-n”. Duk waɗannan faci ne masu kamawa. Abin da ba ya facuwa shi ne awar tsohon fayil, domin ba a buga ta ba balle a yanko ta. Kuma a aikin adana takardu, kusan kowane fayil tsoho ne. Hotuna biyu na takarda ɗaya da aka ajiye rana ɗaya shekara uku da suka wuce, ɗaya da safe ɗaya da yamma bayan an gyara wani abu, tagwaye ne a idon “ls -l”.

Da alama abin da ya ɓace wa ɓangarorin biyu shi ne POSIX ta ba da kwatantawa, ba ta ba da karantawa ba. Umarnin “find” da “-newer” yana faɗa maka ko wannan fayil ya fi wancan sabunta, a kowace na'ura mai bin ƙa'ida. Umarnin “touch -t” yana ƙirƙirar fayil mai ɗauke da duk lokacin da ka zaɓa. Haɗa su biyun, ka samu amsar tambayar da galibi ita ce ake yi: waɗanne fayiloli aka taɓa bayan rana kaza? Har ana iya matse lokacin ta raba tazara biyu-biyu, sau talatin da 'yan kai a kai ga sakan, amma wannan nuna gwaninta ne, ba na ba kowa shawararsa. Bugu na 2024 na ƙa'idar ya shigar da “-nt” cikin umarnin “test”, abin da shel da yawa suka daɗe da shi, sai dai tsofaffin na'urori ba sa sabunta kansu don an buga sabuwar ƙa'ida.

Inda kuwa lambar kanta ake buƙata, a ganina hanya mafi aminci ita ce a gwada abin da na'ura take iyawa, ba a tambayi sunanta ba. Dogaro da “uname” yakan yaudari mutum, domin mai Mac yana iya girka kayan GNU, wayar Android tana zuwa da toybox, Termux da ke cikinta kuma da na GNU, ƙananan na'urori da BusyBox. A fara da salon GNU, a koma na BSD, a ƙare da Perl, wanda aikinsa na “stat” yake ba da lokacin gyara a gurbi mai lamba 9. A sa “./” gaban sunan fayil don kada wanda ya fara da karan ɗori ya zama umarni, a kuma yanke shawara tun farko ko mahaɗar fayil ake tambaya ko abin da take nunawa, domin umarnin “stat”, saɓanin na Perl, ba ya bin ta sai an ce “-L”. Hujjarsa ta uku, cewa a bar shel a koma Python, ba ta da laifi, illa dai amincewa ce da abin da nake faɗa.

A nan dole in taƙaita da'awata. Idan jerin umarnin zai rayu ya mutu a sabar guda ɗaya da kai ka girka, abokin aikina ya fi ni gaskiya, layinsa ɗaya ya isa. Maganata ta shafi fayilolin da ke yawo ne kawai. Kuma ga su, ko an karanta lambar daidai, ba a gama ba. Kwafi da “cp” ba tare da “-p” ba yana ba sabon fayil lokacin kwafin. Filashin da ke kan tsarin FAT yana ajiye lokacin gyara ne da tazarar sakan 2, a agogon gida, ba tare da bayanin yanki ba, don haka na'urar da ta ɗauka UTC ne za ta iya kauce wa agogon Nijeriya da awa guda. Kwamfutar da ƙaramin batirin agogonta ya mutu, abin da ba baƙo ba ne a shagunan da ke amfani da tsofaffin na'urori, takan farka da wata shekara can baya, ta buga wa fayiloli ita. WhatsApp yakan cire bayanan da kyamara ta saka cikin hoto, ya ba shi sabon suna mai ɗauke da ranar da ya shigo. Sannan duk mai izinin fayil yana iya sauya lokacin da “touch”, ba sai gwani ba.

Abin da lambar take shaidawa ke nan kaɗan ne: abin da agogon wata na'ura ya nuna lokacin da aka rubuta wannan kwafin, in ba a taɓa shi daga baya ba. Ba ta faɗi ranar da aka sayar da gona ba, ba ta faɗi ranar da aka ɗauki hoton ba. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, wanda Kotun Ƙoli ta yi aiki da shi a shari'ar Kubor da Dickson, yana neman a nuna cewa kwamfutar da ta fitar da takarda tana aiki daidai. Ban ga yadda za a yi wannan iƙirari a kan lokacin fayil ɗin da ya ratsa waya biyu da filashi ba, ko da yake hukuncin wannan na masana shari'a ne.

Mai adana takardu, a ganina, ya karanta lokacin sau ɗaya, a ranar da fayil ya shigo hannunsa, ya rubuta shi da sakan na UTC a rajista, tare da sunan na'urar da aka karanta shi da lambar tantancewa ta SHA-256. Sai dai ya sani a nan ma zai sake gwaji: “sha256sum” ne a GNU, “shasum -a 256” a macOS, “sha256” a FreeBSD, kuma abin da POSIX ta tanada, wato “cksum”, an yi shi ne don gano lalacewar kwafi, ba zai hana mai niyyar sauya takarda ba.