Kwayil ɗin Jif: Ƙaramin Ƙarfen da Ke Wahalar da Masu Adana Motocin Yaƙi

A farkon watan Yuni na kowace shekara, ƙauyukan Nomandi da ke arewacin Faransa kan cika da tsofaffin motocin soja. Masu su kan taho daga ƙasashe daban-daban domin tunawa da saukar sojojin ƙawance a gaɓar tekun yankin ranar 6 ga Yuni, 1944. Wadda ta fi cika ido a cikinsu ita ce jif. Sai dai ba kowace ke kammala jerin gwanon ba: wata kan tashi lafiya da safe, ta yi tafiyar rabin sa'a, ta mutu a gefen hanya, ta ƙi tashi sai ta huce. Sau da yawa laifin na kwayil ne, wani ƙarfe da bai wuce girman gwangwanin lemo ba.

Aikin kwayil shi ne ya karɓi 'yar wutar batir ya mayar da ita tartsatsin da zai kunna fetur a cikin inji. A cikinsa akwai sandar ƙarfe da aka naɗe da wayar tagulla iri biyu: mai kauri, naɗi 'yan ɗaruruwa, da siririya, naɗi dubbai. Duk lokacin da kwantak ya buɗe ya yanke wutar waya mai kauri, maganaɗisun da ya taru a sandar kan rushe nan take, sai ya haifar wa siririyar wuta mai ƙarfin fiye da bolt 10,000, wadda ke zarcewa zuwa fulogi. Charles Kettering da kamfaninsa na Delco ne suka daidaita wannan tsari, motocin Cadillac suka fara amfani da shi a 1910.

Da shi aka haifi jif. A watan Satumba na 1940 kamfanin Bantam ya miƙa wa rundunar sojan Amurka samfurin farko, amma babbar kwangilar ta faɗa hannun Willys da ke birnin Toledo. Da buƙata ta fi ƙarfin Willys, sai aka sa Ford ya riƙa ƙera irin motar bisa zanen Willys ɗin. Zuwa 1945 kamfanonin biyu sun fitar da kimanin 640,000, na Willys da sunan MB, na Ford da sunan GPW, dukkansu masu lantarkin bolt 6, da kayan kunna inji na kamfanin Auto-Lite. Motar ta kai har dazukan Bama, inda Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, mai ɗauke da Hausawa da yawa, ta sare mata hanya mai tsawon fiye da mil 70 zuwa kwarin Kaladan.

Sharaɗin da rundunar Amurka ta kafa shi ne kayan Willys su hau motar Ford, na Ford su hau ta Willys. Bakaniken soja a bakin daga ba ya tambayar asalin kwayil; wanda ya samu a akwati ko a jikin motar da bam ya lalata shi yake ɗaurawa. Bayan yaƙi cakuɗar ta ƙaru. Sojojin Faransa sun gaji dubban jif, suka riƙa wargaza su suna sake haɗawa a ma'aikatar La Maltournée kusa da Paris, yayin da kamfanin Hotchkiss ya ci gaba da ƙera nasa samfurin, M201, har zuwa 1966. Amurka kuwa ta koma bolt 24 tun daga samfurin M38 na 1950, aka kuma shigar da kwayil cikin distiribita aka rufe domin kada ruwa ya shiga. Ke nan kalmar "kwayil ɗin jif" ta ƙunshi kaya iri-iri da ba sa zama a madadin juna. Wanda ya ɗora na bolt 6 a kan wutar da ta fi ƙarfinsa, ƙona shi zai yi.

Wannan tarihi ne mai neman na asali ke karo da shi a yau. Hanyoyinsa uku ne. Ta farko, ya sami tsohon sabo, wato kwayil da aka ƙera lokacin yaƙi amma ba a taɓa ɗaura shi ba, yana nan cikin kwalinsa. Ta biyu, ya sayi gwanjo da aka ciro daga wata motar. Ta uku, ya ɗauki kwaikwayon da masana'antun zamani ke yi. Masana kan gwada tambari da lambar da ke jikin gwangwanin da littafin kayan gyara na soja, wanda ya ba jif lambar G503. Amma tambari ba shaida ce mai yanke gardama ba. Ford ya buga harafin F a kayansa da dama, har da kusoshi, kuma tun da masu tara kayan tarihi suka fara biyan kuɗi mai tsoka a kansa, masu jabu suka koyi buga shi.

Akwai kuma matsalar da ta fi jabu wuya. Kwayil na tsufa ko ba a taɓa shi ba. Takarda da kaki da kwaltar da suka raba wayoyin cikinsa kan bushe su tsage, danshi ya shiga. Yana sanyi, ma'auni zai nuna lafiyarsa ƙalau. Da ya ɗauki zafi, wayoyin su buɗa, wuta ta yi gajeriyar hanya, tartsatsi ya ɗauke. Shi ya sa gogaggun masu gyara ke auna shi a sanyi, su sake aunawa bayan ya ɗumama. Gangariyar da ta haura shekara 80 a kwali na iya zama mafi rashin tabbas a cikin ukun.

Daga nan ra'ayi ya rabu. Gidan tarihin da motarsa ke tsaye a zaure ba ruwansa da tartsatsi, abin da yake so shi ne kowane ƙarfe ya kasance na zamaninsa. Mai hawa motar zuwa taro kuwa yakan ɗaura na zamani, ya ajiye na asali a kabad. Wasu sun bi tsakiya: a buɗe tsohon gwangwani, a cire ruɓaɓɓen ciki, a naɗa sabuwar waya, a rufe. Waje na 1943, ciki na bana. Masu tsattsauran ra'ayi na ganin wannan a matsayin yaudara idan aka sayar ba tare da bayani ba, kuma suna da gaskiya. Amma idan an bayyana, shi ne ya fi kusa da abin da bakaniken soja ya yi a Nomandi da Kaladan, wanda aka umarce shi da ya tayar da motar da duk abin da ya samu.